Kwana uku a Matamaye: tafiyar Daura da ba ta yiwu ba

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Wannan magana ce ta sa wasu aminai biyu, ɗaya ma'aikacin gwamnati a Damagaram, ɗaya ɗan kasuwa a Matamaye, suka ƙulla shawarar zuwa Daura tare a farkon watan Agusta na shekarar 2023. Tun suna yara suka zauna benci guda a lakkwal. Da suka kai aji shida, ɗaya ya ci jarrabawa ya wuce kwaleji, daga nan sai Yamai, sai aikin biro; ɗayan kuwa ubansa ya janye shi ya sa shi bin shanu kasuwa-kasuwa. Na farko ana ce masa Malam, na biyu Alhaji.

Shirin kuwa ga yadda yake. Ranar Alhamis 3 ga Agusta hutu ce, ranar tunawa da samun mulkin kai a 1960, wadda tun 1975 ta zama kuma ranar dashen itace. Malam ya nemi izinin Juma'a wurin shugabansa, ya samu. Saboda haka zai sauka Matamaye ya ci kasuwar Juma'a, ran Asabar su ƙetara ta Ɗan Barto da Kwangwalam su kwana Daura, inda ƙanwar Alhaji ke aure, ran Lahadi su biyo ta kasuwar Mai'aduwa, da marece Malam ya kama hanyar gida. Malam ya haura shekara 50 a duniya. Ya san labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu tun yana ɗan lakkwal, har ya ba ƴaƴansa, amma bai taɓa leƙa rijiyar ba, alhali tsakaninta da ƙofar gidansa bai kai tafiyar wuni a mota ba. Shekara da shekaru Alhaji yana yi masa gori a kan haka.

Sai dai mutum na nasa, Allah na nasa. Ran 26 ga Yuli soja suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, suka ba da umurnin rufe iyakoki. Ran 30 ga wata shugabannin ƙungiyar CEDEAO suka taru a Abuja, suka ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, suka ce a rufe iyakar ƙasa da ta sama, suka kuma ba soja wa'adin mako guda. Malam ya buga wa amininsa talho ya ce a ɗage tafiya. Alhaji ya ce: «Kai dai ka taho, Malam. Hanya ba guda ba ce.»

Daga Takeita zuwa kudu

Mai zuwa Matamaye daga Damagaram yakan bi babbar hanyar Yamai har Takeita, tafiyar kamar kilomita 50, sa'an nan ya karya kudu. Daga nan ƙasa takan fara sauya kama. Duwatsun da suka kewaye birni sun ɓace, gona na bin gona, ƙauye na hangen ƙauye. A wannan lokaci na damina gero ya rufe ƙasa, wake da gyaɗa sun shimfiɗa a ƙarƙashinsa, mata da yara na ta maimai a jikin hanya.

Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne gawo. Ko'ina a tsakiyar gonaki ga shi nan tsaye, fari fat, babu ganye ko ɗaya, har baƙo ya zaci ya mutu. Halinsa ke nan: yana zubar da ganye da damina, ya tofo da rani. Ganyen da ya zubar taki ne, inuwarsa ba ta danne gero, ƴaƴansa kuma abincin bisashe ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984 ƙasar nan ta kusa zama fili fetal. Daga baya manoma suka daina sare tohon da ke fitowa a gonakinsu, suna sassabe masa, suna barinsa ya girma. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a jihohin Maraɗi da Damagaram, kuma ƙasashen Magarya da Matamaye da Mirya, waɗanda ma'aikata ke kira «M uku», suna cikin wuraren da abin ya fi bayyana. Jiya-jiya Malam ya tsaya cikin layin ma'aikata ana dasa ƴan itatuwa ana tafi. Yau ga daji guda wanda babu wanda ya yi masa biki.

Kafin Matamaye sai an ratsa Kance. Can sarauta take, kuma sunan Kance ne gundumar ke amsawa, amma mazaunin hukuma yana Matamaye tun zamanin da ake ce mata arondisma. Ƙidayar 2012 ta ba gundumar mutum kusan dubu 400, watau tana cikin wuraren da jama'a ta fi cunkushewa a duk faɗin Nijar. Malam ya sha zuwa garin a bakin aiki, amma iyakar saninsa tasha, da mai shayi, da biron perefe. Ga shi da ire-irensa, Matamaye wurin shan ruwa ce kafin a ci gaba.

Kasuwar da ba ta cika ba

Kasuwar Matamaye ranar Juma'a take ci. A makon da al'amura ke daidai, tun hantsi motoci ke shigowa daga Daura da Kazaure da Kano, amalanke kuma daga Tsauni da Yawuri da Kurni da Dawushe. Abin da ke gangarawa kudu shi ne shanu da tumaki da awaki da raƙuma, wake da riɗi da kanwa. Abin da ke haurowa kuwa masara, takin zamani, siminti, atamfa da yadin Kantin Kwari, sabulu, robobi da kayan masarufi iri-iri. Kuɗi biyu ke yawo, sefa da naira, kuma tsohuwa mai sayar da daddawa ta san canjin ranar ba tare da ta tambayi kowa ba. Ɗan kasuwar dabbobi yakan saya nan ran Juma'a, ya kora, ya sayar a Mai'aduwa ran Lahadi, ya juya kuɗinsa zuwa kaya, ya dawo. Haka mako ke zagayawa a wannan yanki, kasuwa na miƙa wa kasuwa.

Ran 4 ga Agusta kasuwa ta ci, amma ba ta cika ba. Kara ta cika da bisashe, domin lokacin da rumbu ya yi ƙasa ne, manomi na buƙatar sayar da akuya ya sayi hatsi. Masu saye ne babu. Dillalai na zaune gindin turke suna kore ƙuda. A ɗaya gefen kuma masu masara da taki sun ɗaure bakin buhu, kowa na jira ya ga inda farashi zai tsaya. Abin da talaka ya kawo ya faɗi, abin da ya zo nema ya hau. Ƴan canji sun rage hayaniya. Ƴan ruwa-ruwa masu sayar da fetur a kwalba, waɗanda tun da Najeriya ta janye tallafin mai ran 29 ga Mayu sana'arsu ta yi sanyi, sun jera kwalabe rabi-rabi.

Alhaji ya zaga da baƙonsa, yana gaisawa da mutane, yana nuna masa wannan da wancan. A kara ya tsaya wurin wasu bijimai 5 masu ƙiba, ya shafa tozon ɗaya, ya yi magana da yaronsa ƙasa-ƙasa, suka wuce. Malam bai tambaya ba. Hankalinsa na wurin tsire da furar da aka ce za a kai masa.

Shawarar dare

Da dare babu wuta. Tun farkon makon Najeriya ta yanke lantarkin da take ba Nijar, wanda a lokacin shi ne kusan kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke amfani da shi. Aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, aka kawo tuwo da miyar kuka, aka aza shayi. Sai Alhaji ya buɗe maganar da ya yi nuni da ita a talho. Shingen Ɗan Barto a rufe yake, gaskiya ne, amma akwai burtali, akwai hanyoyin gona, akwai ƴan kabu-kabu da suka san kowace kwana. In an tashi da asuba, kafin rana ta yi zafi suna Daura.

Malam ya yi shiru, sa'an nan ya ce: «Alhaji, kai in an tare ka, tara za ka biya ka wuce. Ni ma'aikaci ne. Ba ni fita ƙasa sai da takardar izini, yanzu kuwa babu mai sa mini hannu. In aka kama ni a daji a irin wannan lokaci, me zan ce na je yi? Saura shekara kaɗan in yi ritaya.»

Alhaji ya ce: «Wato rijiyar ma sai da tambarin hukuma za a leƙa ta?»

Aka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Kowanensu ya ga abin da shekara 40 ta gina a tsakaninsu. Ga ɗan kasuwa, iyaka shinge ce da aka gitta a tsakiyar gonar gado, ana ɗaga ƙafa a tsallake. Ga ma'aikaci, iyaka doka ce, kuma daga dokar nan albashinsa ke fitowa. Malam ya ce wa amininsa ya tafi abinsa, shi zai koma Damagaram da safe. Alhaji ya kurɓi shayi ya ce: «Baƙonka annabinka. Ban kira ka don in bar ka da yara ba. Gobe in nuna maka garin da kake wucewa.»

Fadama da tsohon arziki

Ran Asabar suka hau babur suka nufi wajen Dungu. Kaɗan daga barin gari sai ƙasa ta gangara, iska ta yi sanyi, aka shiga fadama. Wannan yanki na cikin kwarin Korama, inda ruwa ke kusa, wani wuri ma in an haƙa kamu kaɗan sai a tarar da shi. Nan ake noman rake wanda ya yi wa ƙasar Matamaye suna. Da Agusta bai nuna ba, yana tsaye kore shar ya fi mutum tsawo. Sai sanyi ya shigo a sare shi, a ɗaure dami-dami, motoci su kwasa zuwa Damagaram da Agadas da sauran garuruwa. Kusa da shi ga rogo da dankali, ga mangwaro da gwaba da giginya, ga filayen da za a zuba tumatir da kabeji da albasa in ruwa ya janye. Wani mai garka ya ce damuwarsa guda ce: taki daga kudu yake zuwa, kayan gyaran injin ban ruwa daga kudu, mai sayen tumatir ma sau da yawa daga kudu.

A hanyar dawowa Alhaji ya ba shi labarin gyaɗa. Kafin uraniyom, gyaɗa ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa waje, kuma ƙasar nan na cikin cibiyoyinta. Kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, shi ke saye. A Matamaye har masana'antar tatsar mai aka gina. Buhunan kuwa ta Kano suke bi, inda jirgin ƙasa ya iso tun 1911, daga can sai bakin teku. Farin 1973 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka karya wannan arziki. Uban Alhaji da kuɗin gyaɗa ya sayi shanunsa na farko. Ko a wancan zamani, ƙofar garin kudu take kallo.

In ƙofar kudu ta ƙuntata, gona kuma ta kasa ci da gida saboda yawan magada, sai mutane su dubi arewa. Matan ƙasar Kance sun daɗe suna bin hanyar Agadas da Arlit zuwa Aljeriya neman abin rufin asiri. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. 52 yara ne, 33 mata, kuma akasarinsu daga wannan gunduma suka fito. Ƙasa ta yi zaman makoki na kwana uku. Malam ya san labarin daga rediyo da takardun biro. Alhaji kuwa ya san ƙauyukan da aka yi zaman gaisuwa.

A bakin shinge

Da la'asar Malam da kansa ya ce a kai shi Ɗan Barto, ko da daga nesa ya ga abin da ya hana shi tafiya. Tafiyar ba ta da nisa. Suka tarar da manyan motoci jere a gefen hanya, direbobi da ƴan kamasho sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu, wasu na dafa shayi, wasu na duba kayan da ke neman lalacewa. Jandarma da ma'aikatan duwan na zaune a inuwa. Can gaba kaɗan Kwangwalam ce. Gero iri ɗaya ne a ɓangarorin biyu, kiran salla na wannan gari ana amsa shi a wancan.

Wannan layi bai daɗe ba in an auna shi da shekarun garuruwan da ya raba. Ƙasar nan ta daɗe tana cuɗanya da Daura, sa'an nan a ƙarni na 19 ƙarfin Damagaram ya rufe ta, musamman a zamanin Sarki Tanimun. Faransawa suka ci Damagaram a 1899, Ingilishi suka ci Kano a 1903, sai suka zauna a Turai suka raba a takarda cikin yarjejeniyoyin 1904 da 1906. Tsakanin 1906 da 1908 ayarin Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamu. Iyakar da ta fito daga wannan aiki ta kai wajen kilomita 1.500.

Rufe ta kuma ba sabon abu ba ne. An rufe daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986, a tsakiyar fari, har mutanen kudancin Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara sunan El-Buhari. An sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 don hana shigar da shinkafa. Duka biyun da umurnin Muhammadu Buhari aka yi, mutumin Daura, wanda da bakinsa ya ce in an dame shi bayan ya sauka mulki zai ƙetaro Nijar wurin ƴan uwa. Kowace rufewa ta koya wa mutane sababbin hanyoyin daji, ta ƙara wa kaya tsada, ta azurta masu ƙarfin biyan kuɗin hanya, ta karya masu ƙaramin jari. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai: in Matamaye ta rasa mai saye, Mai'aduwa ta rasa abin sayarwa.

A daren nan suka kasa kunne ga rediyo, kamar kowane gida a garin, domin washegari wa'adin CEDEAO ke cika, kuma in yaƙi ya tashi, garuruwan bakin iyaka ne za su fara jin ƙararsa. Sai aka ba da labarin cewa majalisar dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan amfani da soja, ta ce a bi hanyar sulhu. Wani dattijo da ke zaune a gefen tabarma ya ɗaga hannu ya yi hamdala. Ƴarsa biyu ke aure a ƙetare.

Abin da ba a gaya wa baƙo ba

Ran Lahadi da safe, Alhaji ya shiga cikin gida, Malam na ɗaure jakarsa, sai ya tambayi yaron gidan labarin bijiman nan na kasuwa. Yaro bai san ana ɓoyewa ba, ya faɗi gaskiya. Bijiman ba na Alhaji ba ne duka. Amana ce ya karɓo daga manoman ƙauye waɗanda suka turke su tun rani, a kan zai biya su bayan kasuwar Mai'aduwa. Abokan sana'arsa sun kora nasu ta burtali tun daren Juma'a. Shi kuwa, da yake cinikinsa ba ya yiwuwa sai yana wurin, kuma ya ƙi barin baƙo, sai ya sayar wa ɗaya daga cikinsu a nan gida, a farashin mai neman kai da kaya. Masu shanu za su karɓi kuɗinsu cif ran Litinin, kamar yadda aka yi alkawari. Cikon daga aljihun Alhaji zai fito.

Malam ya zauna a bakin gado, ya daɗe bai ce kome ba. Shi a lissafinsa abin da aka rasa yawon buɗe ido ne, da hoton da zai ɗauka a bakin rijiya. Da Alhaji ya fito, ya ce masa: «Don me ba ka gaya mini ba?»

Alhaji ya ce: «Da na gaya maka, da ka hau mota tun jiya, ka koma ba ka ga rake ba. Kuɗi sun saba tafiya su dawo. Tashi mu je tasha kada mota ta cika.»

A tasha Malam ya zaro abin da ya tanada don guzurin Daura, ya nemi ya tura masa a aljihu. Alhaji ya riƙe hannunsa ya mayar. Abin da ya yarda ya karɓa alkawari ne guda: duk ranar da aka ɗaga shinge, Malam zai nemo takardarsa da tambarinta, su tafi ta kan kwalta, rana tsaka. Aka ɗora wa Malam ƙullin rogo da tulun man gyaɗa, mota ta tashi.

Shingen ya daɗe bai ɗagu ba. Sai ran 24 ga Fabrairu 2024 CEDEAO ta janye takunkumi, Najeriya ta buɗe nata ɓangare ran 13 ga Maris, Nijar ta buɗe nata ran 22 ga wata. Wata bakwai da ɗoriya ke nan, kasuwar Juma'a sama da 30. A cikinsu an sare rake an sayar yadda ya samu, an yi aure da suna da jana'iza a ɓangarorin biyu, waɗanda suka iya suka bi daji, waɗanda ba su iya ba suka yi gaisuwa ta talho. A Janairu 2025 Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO, amma Ɗan Barto da Kwangwalam suna nan inda suke, suna kallon juna.

Malam dai tun daga wannan tafiya, in takarda ta biyo ta teburinsa da sunan Matamaye a kanta, ba ya barinta ta kwana. Rijiyar Kusugu kuwa, wadda aka ce a da sai ran Juma'a maciji ke bari a ɗebi ruwanta, tana jiran aminan biyu. Allah ya zaunar da ƙasashen nan lafiya, ya bar hanya a buɗe ga mai fatauci da mai zumunci.